Tabarmar da Ke Ƙofar Gidan Saja

Fuatino ba ta ji zuwansu ba. Gari na fara wayewa ta ɗaga asabari za ta watsar da ruwan wanki, sai ta gan su zaune a kan ciyawa, tsakanin kabarin surukinta da bakin hanya. Maza da mata, sahu-sahu, kowa ya harɗe ƙafa ya sunkuyar da kai, babu mai ko tari. A gabansu mutum ɗaya ne durƙushe, an lulluɓe shi tun daga ka har ƙasa da lallausar tabarmar nan mai jan gashin tsuntsu a baki, irin wadda sai aure ko mutuwa ke fito da ita daga ƙarƙashin katifa. Kusa da shi an tara itace, an tara baƙaƙen duwatsu, an ɗora ganyen ayaba a kai.

Ko yaron goye a garinmu ya san wannan tarin. Kayan gasa alade ne. Masu laifi ne ke cewa: ga mu, ga itace, ga dutse, in kun so ku gasa mu.

Ta saki asabarin, ta tsaya da bokiti a hannu.

Mijinta, Saja Pelenato, ɗan sanda ne, shekaranjiya aka kira shi rabon faɗan gona a wani ƙauye bayan dutse. Ana zabga ruwa kamar da bakin ƙwarya. A kwanar nan da kowa ke tsoro, bas ɗin gidan tsoho Lafaele ya sauko a guje, ɗansa Kolio na tuƙi, kiɗa na tashi har ana ji daga gonakin gwaza. Ya bar hannunsa ya hau na Saja. Waɗanda suka ga motar 'yan sandan sun ce ta koma kamar gwangwanin kifi da aka taka, sai da aka yanka ƙarfe aka zaro shi. Kolio kuwa ko ƙwarzane. Yana can a tsare, a hannun abokan aikin mutumin da ya murƙushe, kuma an ce ba a cika tambayarsa ko yana jin yunwa ba.

A asibitin Apia, babban birni, an sa Pelenato a ɗakin da ba a shiga. Inji ke yi masa numfashi. Mutum ɗaya ake bari, shi ma sai ya wanke hannu ya sa wata riga, kafin ya gama kiran sunan mara lafiya an taɓa kafaɗarsa an ce ya fita. Sauran sai leƙe ta gilashi. Fuatino ta kwana a benci har ƙafafunta suka kumbura, sannan ƙanwarta Upuia ta kore ta.

"Yaya, je ki gida ki yi wanka, kin fara wari kamar kifin jiya. Ni ina nan. Kin san ni ba na ɓarnar kati, in kika ga kirana to da dalili."

Ta taho gida da leda ɗauke da kakinsa, wanda aka tsarge da almakashi daga wuya har ciki. Shi ta jiƙa ya kwana, shi ta gama cuɗawa sa'ad da ta ga baƙin.

Garinmu ba ko'ina waya ke kamawa ba. A gidan Saja wuri ɗaya ne tak: kan simintin kabarin ubansa, ta wajen kai. Can ta ajiye wayar tun da ta dawo, ta kifa kwano a gefe don raɓa. Ga ta nan yanzu a fili, tsakanin gidan da mutumin da ke cikin tabarma, kowa na iya ganinta.

"Tino," in ji surukarta, Mama Sieni, daga gindin ginshiƙin da take jingina. Idonta ya yi rauni amma kunnenta sai a hankali. "Na ji kaji sun yi shiru. Su wane ne a waje?"

"Mutanen gidan Lafaele ne, Mama. Sun zo da tabarma."

"Wane ne a ciki?"

"Na ga ƙafarsa ɗaure da bandeji. Shi ne da kansa."

"Lafaele mai ciwon suga?" Tsohuwar ta ja tsaki. "Ya taɓa neman aurena, kin sani? Ya zo da kaza guda, ramammiya, sai ka ce ita ma roƙo ta zo. Yau ga shi ya sake zuwa." Ta laluba maficinta. "To wa zai ɗage masa?"

Nan maganar take. Wanda ya shiga ƙarƙashin tabarma ba ya fita da kansa. Ko rana za ta narka shi, ko ruwa zai tafi da shi, sai mai riƙe da sarautar gidan da aka ɓata wa ya fito ya yaye ta da hannunsa. In ya yaye, magana ta mutu, wanda ya ƙara ɗaga ko tsinke dattawan gari za su kore shi da iyalinsa. In bai yaye ba, abin da ya samu baƙin sun saya da kuɗinsu. Mai sarautar gidan nan kuwa shi ne kwance a Apia da roba a hanci.

Uelese, ƙanin Saja, ya fito daga bayan gida da adda da dutsen wasawa. Ƙato ne, wuyansa kamar gindin kwakwa. Tun da ubansu ya rasu Pelenato ya riƙe shi, ya biya masa makaranta bai zauna ba, ya samo masa aiki a tashar jirgin ruwa ya mari shugabansa. Ya zauna a matakala, daidai inda baƙin za su ji, ya tofa yawu a dutsen ya fara wasawa.

"Gona za ka?" in ji Fuatino.

"Gona za ni, matar Yaya."

"Yaushe rabonka da gona? Ciyawar can ta manta kamanninka."

Da can sai ya rama, don wasan da ke tsakaninsu har maƙwabta na leƙowa su saurara. Yau bai ko ɗaga kai ba.

"Ki ji ni da kyau," ya ce. "In Yaya ya tashi, shi zai zo ya yaye, ko da sanda yake dogarawa. Su jira shi. In kuma waccan wayar ta ce bai tashi ba, ba sai an nemi mai yayewa ba."

 Gaskiyar magana, ita ma ba ta ƙi tsohon ya sha rana ba. Ta tuna fuskar mijinta ta bayan gilashi, kumburarra, baƙa, har sai da ta duba tabon da ke yatsansa kafin ta yarda shi ne. Ta ɗauko kakin daga igiya da sauran damshinsa, ta zauna bakin gida da zare da allura. Shekara da shekaru ita ke wanke wannan riga, ita ke goge ta, ta rataye a ƙusa ta dama. Duk ranar da ya yi dare ba ta taɓa cewa ta ji tsoro ba, sai dai ta ɗauko wata rigar ta goge, ta sake gogewa, har ta ji ƙarar motarsa. Yau babu abin gogewa. Sai ɗinki.

Rana ta ɗago. Samarin dangi suka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, ba sallama. Wannan ya zauna gindin ayaba, wancan ya jingina da tankin ruwa. Fasto ya tafi taro tsibirin Savai'i tun farkon mako, ofishin 'yan sanda mafi kusa kuma yana bayan dutsen nan dai, motarsu ɗaya, ita ce aka yanka.

Sai ga Tausala, maƙwabciya, da faranti na gwaza a madarar kwakwa. Tausala ba ta taɓa kai wa kowa abinci ba sai gidan da ke da abin kallo.

"Sannu, uwar gidan Saja, sannu. Ci ko loma ɗaya." Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta rage murya yadda har bakin hanya za a ji. "Ke, kin ga matar Kolio? Ga ta can sahu na biyu, ciki har wuya. Ita ce fa ta matsa a sa wa bas ɗin manyan lasifika. Ni dai ban ce komai ba. Kuma jiya da magariba, ba na son in tayar miki da hankali, mujiya ta sauka kan rufinku. Ta yi kuka, ta tashi, ta dawo."

"Ɓera take nema, Tausala."

"Haka na ce wa mijina. Ya ce wane irin ɓera ne a kan kwano? Karnuka kuma suka kama, duk suna fuskantar nan. Amma ni ban ce komai ba."

"Tun da kika zauna ba ki ce komai ba," in ji Mama Sieni. "Allah ya tsare mu da ranar da za ki yi magana."

Babu wanda ya yi dariya. Sautin addar kawai, shuu, shuu.

Wajen hantsi hadari ya taso daga teku, ya zubar da ruwa a kan baƙin, ya wuce. Ba su motsa ba. Rana ta dawo da zafin da ya fi na farko, tururi na tashi daga ciyawa, daga bayansu, daga tabarmar. Wata tsohuwa a sahun baya ta kife a hankali, na kusa da ita ya tallafe ta da kafaɗa ba tare da ya ɗaga kai ba. Ƙudaje suka gano bandejin ƙafar Lafaele.

"Baba!" Uelese ya ɗaga murya. "Ka gasu, ko a juya ka?"

Samarin suka yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta mutu nan take.

Sai wayar ta yi ƙara.

Fuatino ta yar da allura ta ruga. Ba Upuia ba ce. Gwaggon Saja ce daga Auckland, can ƙasar waje, tana ihu tana tambaya ko gaskiya ne an ce an yanke masa ƙafa, kuma wa ke riƙe da makullin akwatinta. Fuatino ta sallame ta, ta juyo za ta ce ba komai. 

Duk samarin suna tsaye. Ba ta ga lokacin da suka sunkuya ba, amma kowa da dutse a hannu, irin na bakin teku masu cika tafi. Uelese ya sauko daga matakala, addar na rataye a gefen cinyarsa. A cikin baƙin, matar Kolio ta rungume cikinta da hannu biyu, idonta a rufe, leɓenta na motsi.

"Gwaggo ce," in ji Fuatino. "Akwatinta take tambaya."

Suka koma suka zauna. Amma ba wanda ya ajiye dutsensa.

Ta mayar da wayar kan kabari, ta koma ga ɗinkinta. Wani abu ya dawo mata wanda ta daɗe ba ta tuna ba. Shekarun baya Pelenato ya taɓa dawowa da safe, rigarsa na warin hayaƙi. An kai tabarma wani gida a gabashin tsibiri, aka ƙi yayewa, mara lafiyan ya cika da rana tsaka. Bai ba ta labarin abin da ya tarar ba. Ta ajiye masa abinci, bai taɓa ba. Ya zauna yana kallon Uelese, wanda a lokacin gemu bai gama fito masa ba, yana ta minshari a tabarma baki buɗe. Can ya ce, "Duk waɗanda na sa wa ankwa yau, Tino, babu wanda ya girmi wannan sakaran." Wannan rigar sai da ta wanke ta sau da yawa kafin warin ya fita.

Ta dubi Uelese. Ta dubi wayar. Ta gane cewa duk abin da Upuia za ta faɗa, da zarar ya fito daga bakinta, ba nata ba ne kuma.

Ta ƙarasa ɗinkin. Ya karkace, kamar tabon wuƙa daga wuya zuwa ciki. Ta ciji zaren.

Rana na tsaka, inuwar kowa ta shige ƙarƙashinsa, tabarmar ta fara karkata gefe guda. Tsohon na ƙoƙarin miƙe bayansa, yana sake zubewa. A daidai nan wayar ta sake ƙara.

Wannan karon ba ta yi gudu ba. Ta saɓa rigar a kafaɗa, ta taka zuwa kabarin, ta duba. Upuia.

"Wane ne?" in ji Uelese. Ya riga ya miƙe.

Fuatino ta ɗauki wayar, ta ja wuyan rigarta, ta cusa ta can cikin rigar mama. Tana ta ƙara a ƙirjinta, a toshe, kamar kaza a cikin buhu.

"Matar Yaya, ɗauki wayar nan."

"Zan ɗauka."

"Yanzu!"

Ya sha gabanta. Kanta bai kai kafaɗarsa ba. Ta ɗaga ido ta dube shi kamar yadda take dubansa in ya cinye naman da ta ajiye wa Saja.

"Ga ta nan. Sa hannu ka ciro, in ka isa. A gaban uwarka, a kan kabarin ubanka, Tausala na kallo. Kafin magariba har Savai'i an ji."

"Ni ba ruwana," in ji Tausala, tana gyara zama don ta gani da kyau.

Hannun Uelese ya ɗago, ya tsaya a iska, ya koma. Ta ratsa ta gefensa ta nufi tabarmar. Wayar ta katse. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni.

"Ba hurumin mace ba ne!" ya daka mata tsawa daga baya, muryarsa na fashewa. "Ba ke ce mai gidan nan ba! In ya mutu fa? In ya riga ya mutu, kin sayar da jininsa a banza!"

Ta tsaya. Wannan maganar ta shige ta, don ita ma abin da take tambayar kanta ke nan. Ta sauke rigar daga kafaɗa, ta zura hannunta na dama cikin hannun rigar, har igiyoyin saja suka zauna a damtsenta. Hannun rigar ya yi mata yawa, ya rufe yatsunta. Da shi ta kama bakin tabarmar, wajen jan gashin, ta ja.

Ta zaci za ta yi nauyi. Ta taso kamar mayafi.

Tsoho Lafaele na durƙushe, furfurarsa ta manne da kai, leɓensa ya tsage, idonsa ya kasa jure haske. Wani nishi ya fito daga sahun baƙin gaba ɗaya.

"Me ya faru?" in ji Mama Sieni daga cikin gida. "Na ji an yi ajiyar zuciya. Wa ya yaye?"

 Fuatino ta juya, ta ɗaga hannun da ke cikin kaki yadda kowa zai gani.

"Hannun Pelenato ne, Mama."

 Maficin tsohuwar ya tsaya.

"To an yaye," ta ce. "Uelese, ajiye abin nan ka kawo wa baƙi ruwa. Ku kuma 'yan banza, ku mayar wa teku duwatsunta."

Dutse na farko ya faɗi a ciyawa, sannan na biyu. Uelese bai ajiye addar ba, amma ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza.

Lafaele ya kama gefen zanen Fuatino. "'Yata," ya ce, da ƙyar ake ji. "'Yata, Allah ya…"

Ta sunkuya kusa da kunnensa. "Baba, kada ka gode mini. Ban yafe ba. Yayewa kawai na yi."

"Na sani," ya ce. "Ni ma da ni ne, da ban yafe ba."

Mai magana da yawun baƙin ya miƙe, ya dogara sandarsa, ya gyara murya zai fara dogon jawabin da ya kwana yana shiryawa. Bai wuce gaisuwar farko ba, Fuatino na komawa kan kabarin, wayar ta sake ƙara a ƙirjinta.

Da tabarmar a naɗe a hannu ɗaya, ta ciro wayar, ta kara a kunne.

"Yaya, ina kika shiga?" Muryar Upuia ba tsiwa a cikinta, kuma Upuia ba tsiwa ba Upuia ba ce. "Likita ya ce ku taho."

"Ya farka?"

"Ya ce ku taho yanzu. Ke da Mama da Uelese." Ana jin takun mutane a bayanta. "Sun buɗe ƙofar ɗakin, Yaya. Sun ce yau ba sai ɗaya-ɗaya ba. Kowa ya shiga."

Fuatino ta sauke wayar a hankali. Ta san ba a buɗe ƙofar ɗakin nan haka sai don ban kwana. Duk idanu na kanta, na gida da na baƙi.

"Me ta ce?" in ji Mama Sieni.

"Sun ce mu zo duka, Mama. Sun ce za su bar mu mu shiga tare."

"Ashe," in ji tsohuwar. Ta laluba ginshiƙi ta miƙe. "Ɗauko mini farar rigata ta coci."

Bas ɗin da ke bi ta garinmu da rana shi ne na gidan Lafaele, yana can ofishin 'yan sanda da goshi a murƙushe. Mota ɗaya ce a bakin hanya, a-kori-kurar da ta kawo baƙin. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya yi tayi. Ƙanin Kolio ya je ya tayar da ita, ya buɗe ƙofar gaba ya koma gefe, kansa a ƙasa. Uelese ya ɗauki uwarsa cak kamar jaririya ya zaunar da ita, ya hau baya bai dubi kowa ba. Addar na nan kwance a ciyawa. Fuatino ta hau kusa da shi, hannunta har yanzu a cikin kakin, ta manta ta cire.

Da motar ta sha kwana ta nufi dutse, matan baƙin suka fara tattara kayansu. Wata ta sunkuya za ta kwashe itacen da duwatsun da suka zo da su.

"Bar su nan, 'yar nan," in ji Tausala, kuma wannan karon a hankali ta faɗa. "Ki dai ja su ƙarƙashin rumfa kada ruwa ya jiƙa. Wataƙila gobe a yi girkin mutane da yawa."